Ranar da Ƙugun Mai Aski Ya Hau Intanet

A layin nan babu wanda bai san Danna-Ɗaya ba, kuma ba don ya taɓa yin wani abin a-zo-a-gani ba. Bakinsa ne dai yake riga aikinsa isa ko'ina. Wata uku ya yi yana koyon gina shafin intanet a wajen Malama, mai ɗakin koyar da kwamfuta a saman kemis, alhali karatun na wata tara ne. Da aka tambaye shi abin da ya sa ya bari, sai ya ce ya lura Malama ta fara koyo a wajensa, shi kuma ba ya son kunyata babba. Daga nan ya rataya jakar kwamfuta, ya zura wata kwat mai faɗin kafaɗa wadda ba ya cirewa ko ana zafin fitar rai, ya riƙa gaya wa duk mai kunne cewa abin da mutane ke kwana bakwai suna yi, shi da danna ɗaya zai gama. Sunan da ya bi shi ke nan, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Yayansa tela ne, shekara ashirin da biyu a shago ɗaya. Mutum ne da sai ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba, galibi ma akwai allura a bakinsa. Duk mazan layin da na bayan layin shi ke musu ɗinki, kuma ba don babu wasu teloli ba. Akwai wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a aljihun tebur, ɗaure da ƙyalle, a ciki yake rubuta awon kowa da lambar wayarsa. Idan zai rubuta, sai ya kare shafin da hannun hagu. Ko mai awon ba ya ganin abin da aka rubuta a kansa. Wannan rufin asirin shi ne jarin Yaya, ya fi masa keken ɗinkin daraja.

Ran nan Danna-Ɗaya ya faɗo shagon, ya zauna a kan yadin mutane.

"Yaya, wallahi tausayinka nake ji. Duniya ta tafi ta bar ka da alli da almakashi."

Yaya ya zare yadin daga ƙarƙashinsa.

"Shafi zan gina maka. Mutum yana kwance a ɗakinsa zai zaɓi ɗinki, ya turo, kai sai dai ka yanka. Kuma ba irin shafin da ɗaliban Malama ke yi ba. Ni injin haɗawa zan kafa maka, wanda ko bayan raina zai ci gaba da aiki."

Yaya ya cire allura daga baki. "Zai taɓa min keke?"

"Haba Yaya! Ba injin ƙarfe ba ne."

"To yi. Amma littafin nan kada hannunka ya kai gare shi."

"Ni? Me zan yi da littafi a wannan zamanin?"

Injin da yake faɗa gaskiya ne, akwai shi, kuma abu ne mai amfani a hannun mai hankali. Manhaja ce da ke shiga foldar da mutum ya tara kayan shafinsa, hotuna da rubutu da launuka, ta tattara su wuri ɗaya, ta matse su don kada su yi nauyi a waya, ta gwada su ko akwai ɓarna, sannan ta tura su can babbar kwamfutar da duniya ke kallon shafin daga cikinta. Tattarawa, matsewa, gwaji, turawa. Haka Malama ta koyar, ta kuma ce tsakanin gwaji da turawa dole injin ya tsaya ya tambaya, mutum ya duba da idonsa ya ce na yarda. Darasin da ya biyo bayan wannan kuwa, Danna-Ɗaya bai gan shi ba, don a makon ne ya gano ya fi Malama sani.

Kwana huɗu yana aiki a kusurwar shagon, kuma a gaskiya shafin ya fara kyau. Sai ya zo wajen da za a ajiye awon masu kawo ɗinki, yana bukatar mutanen ƙarya da zai gwada da su. Ya ƙirƙiri mutum ɗaya, ya ƙirƙiri na biyu, a na uku ya gaji. Ya ɗaga kai, sai ya ga Yaya ya fita sayo zare, aljihun tebur kuma a buɗe. Ya ce a ransa ai ba karantawa zai yi ba, waya ce za ta karanta. Ya kwance ƙyallen, ya bi shafukan da waya ƙyat-ƙyat-ƙyat, wayar ta mayar da rubutun Yaya na kwamfuta, mutum ɗari biyu da ɗoriya. Ya mayar da littafin ya ɗaure, ya jefa fayil ɗin cikin foldar shafin. A fuskar kwamfutarsa layin ƙugu da na kafaɗa da na tsayi kawai suke fitowa. Akwai wani layi can gefen dama da sai an ja ake gani, shi kuwa bai ja ba, yana can yana zaɓen launin maɓalli.

Da ya danna injin, sai matakin gwaji ya tsaya cik, ya cika masa fuska da jan rubutu. Ya sake dannawa, ja. Ya sake, ja, kuma kowane karo sai ya ci minti huɗu kafin ya gama ja ɗin.

Yana cikin tsaki sai ga Malama ta kawo siket a rage mata. Ta leƙa ta bayansa.

"Wannan jan yana gaya maka akwai fayil mai lambobin wayar mutane a cikin foldar da za a tura. Ka cire shi, ko ka rubuta shi a jerin abubuwan da injin ba zai ɗauka ba."

"Na gani, Malama. Da gangan na bar shi, ina gwada injin ne in ga ko yana da hankali."

"Yana da shi. Kai fa?"

"Malama, ke kin saba da masu koyo."

Ta kalle shi, ta kalli Yaya da ke tsaye can yana yanka, ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta koma saman kemis abinta.

Fitarta ke da wuya ya yi abin da ya kira gyaran ƙwararru. Tunda gwaji ne ke kawo ja, sai ya goge matakin gwajin ɗungurungum. Nan take komai ya koma kore shar. Ya goge wajen da injin ke tsayawa ya tambaya, don a cewarsa shi ba ya son injin da ke masa gardama. Ya saita shi ya riƙa gadin foldar, da zarar an adana ko harafi ɗaya ne, ya tattara ya tura da kansa. A ƙarshe ya ƙara abin da ya fi alfahari da shi: duk lokacin da aka tura sabon abu, saƙo zai tafi wayar duk wanda lambarsa ke cikin folda, yana cewa, "Albishirinka! Shafin telanka ya sabunta, shiga ka gani." Ya auna da agogo, minti huɗu ya koma sakan goma sha ɗaya. Daɗi ya kashe shi har ya tashi ya zaga shagon sau biyu.

Ya sa ranar Asabar da hantsi domin buɗewa, sai ranar zai jona injin da babbar kwamfutar. Ya ari talabijin ɗin shagon Mai Aski, aka ɗora a kan tebur a bakin ƙofa, aka jera benci uku. Mai Aski da kansa ya zauna a gaba, mutum ne mai cika benci, wanda kullum yake gaya wa masu zuwa aski cewa ƙugunsa arba'in da huɗu tun yana saurayi, bai ƙaru ba bai ragu ba. Kusa da shi Mai Kemis, mai yi wa kowa wa'azin rage maiƙo. Can gefe Saje, tsohon soja mai gadin layin, wanda ya shekara ashirin yana kai ɗinki wajen Yaya kuma shekara ashirin yana cewa Yaya bai iya daidaita ƙafar wando ba. Yaya kuwa yana tsaye a bakin ƙofa da tef a wuya, fuskarsa ta ɗan saki, don ko bai faɗa ba yana jin daɗin ƙanensa ya gama wani abu sau ɗaya a rayuwa.

Danna-Ɗaya ya gyara kafaɗun kwat, ya yi jawabin minti ashirin, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani.

"Jama'a, yatsa nawa ne wannan?"

"Ɗaya!"

"To ku shaida."

Ya danna. Kore ya bi kore a talabijin, sai ga shafin ya bayyana, da hoton shagon da riguna a jere, gwanin kyau. Aka yi tafi. A daidai lokacin wayoyin mutane suka ɗauki ƙara, daga benci zuwa benci, har can ƙarshen layi.

"Kun ji? Ko wanda ke bayan gida ya samu labari," in ji Danna-Ɗaya.

Mai Kemis ya sa tabarau yana taɓa wayarsa. "Kai, har da wajen masu kawo ɗinki a nan. Bari mu ga... A'a! Mai Aski, kai ne na farko."

"Ai dole, ni ne tsohon kwastoma."

"Ba ta tsufa aka jera ba. Ta ƙugu aka jera." Ya matso da wayar kusa da ido. "Mai Aski, ƙugu hamsin da biyu. Ga bayani a gefe: Yana cewa arba'in da huɗu ne. A ce masa to, a yanka hamsin da biyu."

Benci na baya ya fashe da dariya. Mai Aski ya miƙe, bencin ya ɗaga ta ɗaya gefen, saura kaɗan Mai Kemis ya zube.

"Ƙarya ne! Injin ne ya yi kuskure!"

Daga tagar gidan da ke kallon shagon muryar matarsa ta sauko, ita ma da waya a hannu. "Maigida, ashe shi ya sa bel ɗin da na sayo maka bai kai ba! Ni kuwa na je na yi wa mai kanti tas!"

Sai a lokacin Danna-Ɗaya ya gane. Layin nan na gefen dama da bai ja ba, ashe nan Yaya ke rubuta ƴan bayanansa da ƙananan baƙaƙe, injin kuwa ya ɗebo su tsaf ya shimfiɗa su a fili, harafi bai ɓata ba. Ya saci kallon Yaya. Yaya bai motsa ba, amma sakin fuskar nan ya tafi.

"Ku kwantar da hankali, ƙaramin abu ne, danna ɗaya ne!" in ji Danna-Ɗaya.

Ya buɗe folda, ya goge fayil, ya adana. Ashe na adon shafin ya goge. Injin bai tambaye shi ba, ai ya hana shi tambaya. Cikin sakan goma sha ɗaya riguna suka ɓace, launuka suka ɓace, sai jerin awon kaɗai ya rage a talabijin, baƙi a kan fari, da manyan haruffa da mai wucewa a kan babur zai iya karantawa. Wayoyi suka sake ɗaukar ƙara. Albishirinka!

Mai Aski ya ƙwace wayar Mai Kemis. "To kai mai karatu, bari mu ji naka. Mai Kemis, ƙugu arba'in da shida. Yana haɗiye ciki idan ana awo. A jira ya yi tari, a sake aunawa."

"Wannan motsa jiki ne na likitanci!"

"Motsa jiki a gaban tef? Kai da ka hana ni cin ƙwai shekara biyar!"

Mutane suka fara fitowa daga lunguna, kowa da waya a hannu yana neman kansa a jeri, da ya samu sai ya yi sauri ya nemi na maƙwabcinsa don ya huce. Mai gyaran babur ya zo da hannu duk baƙin mai. Wani mai ɗaukar ruwa ya ajiye kurarsa a tsakiyar hanya. Danna-Ɗaya ya tuna injin yana da hanyar komawa abin da aka haɗa jiya, ya ɗaga murya ya ce yanzu za su ga aikin ƙwararru, ya danna. Abin da ya manta shi ne jiya da la'asar, don nishaɗin kansa, ya gwada sa wa na farko a jeri kambin zinare mai walƙiya. Talabijin ɗin Mai Aski ya nuna Mai Aski, hamsin da biyu, da kambi a kai yana kunnawa yana kashewa. Albishirinka!

"A talabijin ɗina! A talabijin ɗin da na ba ka aro!"

Danna-Ɗaya ya yi tsalle ya fizge wayar wutar talabijin. Babu wanda ya lura, kowa kansa na cikin wayarsa. Ya rufe kwamfutar, ya danne ta da ƙirji kamar mai kama kaza.

"Na kashe shi! Ya mutu!"

"Ga shi nan da ransa," in ji mai gyaran babur. "Har kambin yana motsi."

Saje ne ya taho gaba yana taka ƙasa da ƙarfi, ya ce a karanta masa nasa, shi ba ya tsoron kowa. Mai Kemis ya duba, ya karanta a hankali. "Saje. Ƙafar hagu ta gaza ta dama da inci ɗaya tun raunin da ya ji a aiki. Yana cewa tela ne bai iya yanka ba. A amsa laifin."

Wannan karon ba a yi dariya ba. Saje ya kalli ƙafarsa, ya kalli Yaya. Yaya ya sunkuyar da kai, ya zare tef ɗin daga wuyansa ya naɗe shi a hannu. Ba fushi ba ne a fuskarsa, kunya ce tsagwaronta, ta mutumin da aka ba amana ta zube a hannunsa a tsakiyar titi. Danna-Ɗaya ya gani, kuma abin ya soke shi fiye da duk ihun Mai Aski.

Mai Aski ya ce, "Shi ke nan. Daga yau ni da shagon nan har abada. Asirin da za a sa wa kambi ai ba asiri ba ne."

Malama ta ratso taron, ta ce, "Ɗaga." Danna-Ɗaya ya ɗaga. Ta buɗe kwamfutar, ta fara kashe gadin foldar da saƙon albishir, tana yi tana magana ba ta dube shi ba.

"Ina matakin gwaji?"

"Yana... yana ɓata lokaci ne."

"Minti nawa?"

"Huɗu."

"Ka ci ribar minti huɗu ke nan. Ku ba ni minti biyu in sauke shafin."

Minti biyun nan su suka ƙarasa shi. Mai Aski, wanda har ya juya zai tafi, ya ce tunda ya ga na farko sai ya ga na ƙarshe. Ya ja jerin har ƙasa, sai idanunsa suka yi haske.

"Jama'a, ku tsaya! Ga Injiniya da kansa!" Ya gyara murya. "Ƙanena. Kafaɗa goma sha biyar. A cusa soso inci biyu kowane gefe a cikin kwat. Yana so a gan shi babban mutum. Kada a gaya wa kowa."

Ya miƙa yatsa ɗaya, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani, sannan ya danna kafaɗar Danna-Ɗaya. Yatsan ya nutse lum. Layin ya kece da dariya har matar Mai Aski ta riƙe tagar don kada ta faɗo. Saje ma, da idonsa ya kawo ruwa ɗazu, sai da ya dafa bango.

"Ya sauka," in ji Malama. "Saƙonnin da suka tafi kuwa, sai dai haƙuri."

Danna-Ɗaya ya cire kwat ɗin da kansa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya tsaya a gaban yayansa da ƴar singileti, kafaɗunsa kamar maratayin riga.

"Yaya, ni na buɗe littafin. Ka hana ni, na buɗe."

Yaya ya karɓi kwat ɗin, ya ɗauki reza, ya farke rufin cikin a natse, ya zaro soso biyu ya miƙa masa.

Saje ya buga ƙafa. "Shekara ashirin ina zagin mutumin nan a kan ƙafata, bai taɓa tanka min ba. Duk wanda zai sake tela ya sake. Ni ranar Litinin zan kawo yadi."

Mai Kemis ya juya ga Mai Aski. "Kai kuma da ka ce har abada, ina za ka? Sabon tela ai da ƙarfi zai faɗi awon, yaransa na ji."

Mai Aski ya tsaya yana huci. Ya kalli titi, ya kalli tagar gidansa, ya shafa cikinsa. Can sai ya ture benci ya shiga shagon, ya tsaya a gaban madubi ya ɗaga hannuwa sama.

"Tela, zo ka auna ni yanzu a gaban kowa, a daina wannan ƙazafin."

Yaya ya warware tef, ya zagaya da shi, sai da ya miƙa hannu sosai kafin bakin biyu su haɗu. Ya duba, ya rufe lambar da babban yatsa.

"Nawa?" in ji Mai Aski. "Ba arba'in da huɗu ba?"

"To," in ji Yaya.

Ya buɗe littafin, ya kare shafin da hannun hagu. Danna-Ɗaya, da sosonsa biyu a hannu, ya ɗan miƙa wuya ta bayansa.

"Amma Yaya, tsakani da Allah, ka ga saurin? Sakan goma sha ɗaya fa."

Yaya ya ɗago ya dube shi daga sama har ƙasa, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ƙara rubuta wani abu a gefen awonsa da ƙananan baƙaƙe. Sannan ya rufe littafin, ya ɗaure shi da ƙyalle, ya zauna a kai.